Dabbar teku ta yi shekara 53 a kwami, daidai ne a kira shi bauta?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin tarihi da masu ilimin dabbobi ku zo ku raba mana gardama ni da ƙanina don tun jiya muke abu ɗaya. Bidiyo ya turo min na wata dabbar teku irin manyan nan masu baƙi da fari da ake ce wa orka, sunanta Lolita, an kamo ta a 1970 tana 'yar ƙarama a gaɓar jihar Washington ta Amurka aka kai ta wani gidan kallo a Miami, to a kwami ɗaya ta zauna tana tsalle ana tafi ana jefa mata kifi har ta mutu a watan Agustan 2023, shekara 53 kenan fa jama'a. Ni dai abin ya tsaya min a rai na ce masa wallahi wannan ai bauta ce tsagwaronta, meye marabarta da mutanen da aka kwasa a jirgin ruwa aka kai ƙasashen turawa, shi kuma ya hau ni da faɗa wai na ci mutuncin kakannin mutane, ta yaya zan haɗa ɗan Adam da kifi. Na ce to ai raba ta aka yi da uwarta, ya ce kaza ma kullum ana raba ta da ƙwanta kuma ke ce mai soyawa. To tambayata ita ce, laifi ne a kwatanta su? Kuma shin dabbar nan ta san ma a tsare take, ko tunda ana ba ta abinci shikenan ita ba ruwanta?

Bazazzagi77:

Wa alaikumussalam Hajiya. Ni dai ina bayan ƙaninki ɗari bisa ɗari kuma bari in faɗa miki dalili. Haɗa mutum da dabba ai shi ne ainihin makamin da masu bautar da mutane suka yi amfani da shi, sai da suka fara shawo kan kansu cewa baƙar fata dabba ne sannan suka iya ɗaure shi da sarƙa su kwana lafiya. Kuma ba a baki kawai suka tsaya ba, a aikace suka yi. Akwai wani bawan Allah Ota Benga ɗan ƙabilar Mbuti daga Kwango, an kai shi baje kolin St. Louis a 1904 ana nuna shi, sannan a Satumbar 1906 aka saka shi a gidan zu na Bronx a New York, a sashen birrai, mutane dubbai suna tururuwa suna kallonsa suna tsokanarsa, sai da limaman cocin baƙaƙen fata suka tada jijiyar wuya aka fitar da shi. Ya ƙare a Lynchburg ta jihar Virginia yana aiki a kamfanin taba, yana burin komawa gida yaƙin duniya na ɗaya ya tsayar da jirage, a 1916 ya harbe kansa. Masu gidan zu ɗin sai a 2020 suka ba da haƙuri, ki lissafa shekarun.

Ga Sarah Baartman daga Afirka ta Kudu, an kai ta Landan a 1810 ana karɓar kuɗi a nuna surar jikinta, ta mutu a Paris a 1815, ko gawar ba su bari ta huta ba, suka fede ta suka ajiye ƙasusuwanta a gidan tarihi ana kallo har cikin shekarun 1970, sai a 2002 Faransa ta maido da ita aka binne ta bayan Mandela ya nema. Kai har a 1958 a baje kolin Brussels sai da aka kafa ƙauyen 'yan Kwango ana tsayawa bayan shinge ana kallonsu.

To mutanen da aka yi wa haka, yau kuma a zo a ce ai kifi ma irin wahalarku ya sha? A 2011 ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta shigar da ƙara a kotun tarayya a San Diego a madadin orka guda 5, wai a 'yanta su da gyaran tsarin mulki na 13 wanda ya haramta bauta a Amurka, alƙali ya yi watsi da ita a Fabrairun 2012 ya ce wannan dokar ta mutane ce. Kuma baƙaƙen Amurka da yawa sun ji haushin ƙarar, ni ma da ni ne zan ji. A tausaya wa dabba, na yarda, amma a nemo mata wani sunan.

Dan_Kimiyya:

Yaya Bazazzagi maganarka tana da nauyi, ba zan taɓa ta ba, amma rabi na biyu na tambayar Hajiya ba ka amsa ba, wato ko dabbar ta san halin da take ciki. Da farko dai orka ba kifi ba ce, haihuwa take yi ta shayar da nono kuma iska take shaƙa, dangin dolfin ce, ita ce ma babbarsu. Kuma rayuwarsu ta dangi ce sosai, irin waɗanda aka kamo Lolita daga cikinsu uwa ce ke jan gida, ɗa namiji ko ya girma ya zama ƙato yana tare da uwarsa har mutuwa ta raba, kakanni mata suna daina haihuwa su ci gaba da rayuwa shekaru da dama suna nuna wa jikoki inda kifi yake lokacin da abinci ya yi wuya. Kowane dangi yana da irin nasa kiran da yara ke koya daga manya, masu bincike suna jin sauti kawai su ce wannan 'yan gidan wane ne. A 2018 wata daga cikinsu da ake kira Tahlequah ɗanta ya mutu jim kaɗan bayan haihuwa, kwana 17 tana tura gawar da kanta a saman ruwa ta ƙi saki. Kaza ba ta yin haka Hajiya, ki gaya wa ƙaninki.

Ranar da aka kama su Lolita a mashigin ruwan Penn Cove a Agustan 1970 sun fi 80 aka kora cikin raga da jiragen ruwa da abin fashewa, aka zaɓi ƙanana 7 aka sayar, wasu suka nutse suka mutu a ragar, masu kamun suka farke cikinsu suka cika da duwatsu don kar a gani, daga baya gawarwakin suka taso asiri ya tonu. Dabbar da a teku kan yi tafiyar da ta kai kilomita 160 a yini, aka saka ta a kwami mai tsawon mita 24 faɗi 11, zurfin mita 6, ita kanta tsawonta kusan mita 6 ne, wato kamar a kulle mutum a banɗaki a ce ya yi rayuwarsa. Kuma da sauti suke gani, suna fitar da ƙara ta bugi abu ta dawo musu, to a kwamin siminti me za ta buga in ba bango ba. Abokin zamanta Hugo ya riƙa gwara kansa da bangon har ya mutu a 1980, daga nan ba ta sake ganin wata orka ba, shekara 43.

Sai wani orka namiji mai suna Tilikum, shi a 1983 aka kamo shi kusa da Iceland yana ɗan shekara 2, a Kanada da daddare ana kulle shi a wani akwatin ƙarfe mai duhu tare da orka mata biyu da suke yagarsa da haƙori, daga baya aka mai da shi gidan kallon SeaWorld a Orlando. Mutum 3 suka mutu ta dalilinsa, a 1991 da 1999 da 2010, ta ƙarshen mai horar da shi ce Dawn Brancheau. A teku kuwa ba a taɓa samun tabbacin orka ta kashe mutum ba. Haƙoran orka da ke tsare galibi sun cinye saboda gwaguyar siminti da ƙarfe, kuma kusan duk manyan mazan wannan dogon fiffiken na bayansu ya lanƙwashe ya kwanta, abin da ba kasafai ake gani a teku ba. Ni a wurina waɗannan sun isa amsa, cikinta a ƙoshe yake amma ta san ba a gida take ba.

abba_gusau:

Ku yi hakuri fa amma abin nan ya bani mamaki, mu nan yanzu haka akwai mutanenmu a daji hannun yan bindiga, wasu wata uku wasu sama da shekara, an daure su da sarka ana jiran kudin fansa, iyalai sun sayar da gona sun sayar da shanu, yan matan Chibok 276 aka kwasa a 2014 har yau akwai wadanda ba su dawo ba, ku kuma kuna nan kuna kukan kifin Amurka. In tarihi ake nema na tsare mutane ba sai an je 1800 ba, a zo Zamfara.

Dan_Damagaram:

Abba Allah ya kuɓutar da su, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, kuma ba wanda ya ce a manta da su. Amma zuciyar da ta ji tausayin dabba ba ita ce ke hana a ji na mutum ba, galibi ma mai wannan shi ne mai wancan.

Ni inda nake ganin gardamar ta karkace shi ne ana ta auna wanda aka tsare da wanda aka tsare, mutum da orka, kuma nan kam Bazazzagi ya yi gaskiya ba su zama ɗaya. Ku juya ku auna masu tsarewar, nan ne za ku ga kama har ta ba ku tsoro. Me mai gidan kallo yake cewa? Muna ciyar da su, muna da likita, a teku da wahala da yunwa, kuma ko mun sake su ba za su iya rayuwa ba. To wallahi kalma bayan kalma abin da masu gonakin auduga da rake suka riƙa faɗa kenan, kuma kar mu yi ta nuna turawa da yatsa, a ƙasar Hausa ma an faɗa. Muna da rinji, ƙauyukan bayi masu noma wa ubangijinsu, muna da cucanawa waɗanda aka haifa cikin bauta ba su san wani gari ba sai na mai su, muna da murgu inda bawa zai riƙa biyan ubangijinsa wani abu don a bar shi ya yi sana'arsa. Har gobe za ka ji dattijo yana cewa ai bayinmu 'yan gida ne, tare ake ci tare ake sha. To in haka ne me ya sa da turawa suka ci ƙasar, bayi masu ɗimbin yawa suka tattara suka gudu? Dokar Gwamna Lugga ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936, mu nan Nijar sai 2003 aka mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kai, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati, ita da aka sayar tana shekara 12. Ba tsohon labari ba ne.

Kuma dabarar kamun ma ku duba, yara ake so. Mai kamun orka ƙanana yake zaɓa don sun fi sauƙin ɗauka da horo, mai harin bayi ma yaro ya fi masa daraja a kan babban namiji don yaro zai manta hanya ya manta harshe. Dorugu ɗan ƙasarmu ne ta Damagaram, yana yaro aka kama shi aka yi ta sayar da shi har Kukawa ta Borno, wani Bajamushe Overweg ya 'yanta shi, ya bi wani Bajamushen matafiyi Barth har Tumbutu, suka ƙetare sahara ya je Ingila a 1855, a can ya zauna da wani ɗan mishan Schön yana ba shi labari da Hausa ana rubutawa, shi ya sa muka san abin da ya same shi daga bakinsa. Ya dawo daga baya amma a Kano ya ƙare rayuwarsa a 1912. Nan ne babban bambancin da nake ba Bazazzagi, Dorugu ya faɗi nasa da bakinsa, Lolita sai dai mu karanta a haƙoranta.

Wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba, cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage zuwa nahiyar Amurka akwai Hausawa, musamman lokacin yaƙe-yaƙen jihadi bayan 1804, an bi da su ta gaɓar Ikko da Dahomey aka kai su Bahia a Brazil. Kuma ba su zauna shiru ba, an bankaɗo shirinsu na tawaye a 1807, sun tashi a 1809, sannan a Fabrairun 1814 suka yi babba, kuma ina ya fara? A sansanonin masunta na bakin teku wajen Itapuwa kusa da Salvador, yankin da ake kamun kifin wel, ƙaton dabban nan na teku, ana narka kitsensa a yi man fitila, bayi ne ke wannan aikin. Takardun kotu sun kira jagoransu Malomi, wato malami. Wato Bahaushen da aka haifa nesa da teku aka kai shi bakin wani tekun yana yi wa wani aikin dabbar ruwa, shi da ita duk jarin mutum ɗaya.

Malam_Na_Zaure:

Bismillah. Hajiya a taƙaice, Allah ya karrama ɗan Adam, wannan nassi ne a Suratul Isra'i, don haka ba a daidaita shi da dabba a daraja. Amma wannan bai ba mu lasisin zaluntar dabba ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda mage da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Wani zai ce to ai su suna ciyarwa. Sai mu ce masa akwai na Abu Dawud, sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a tafiya, ta zo tana ta kaɗa fiffike a kansu, Annabi (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata. Nan ba maganar abinci, maganar raba uwa da ɗa ce. Kuma a kan bayi ma akwai hadisi a Tirmizi mai tsananin gargaɗi ga wanda ya raba uwa da ɗanta. Kafin mu je Miami kuma mu duba gida, masu yawo da kura da biri a kasuwa an ɗaure musu baki, da kanari a ɗan keji da ko juyawa ba ya iya yi, da ayu da ake farauta a kogin Binuwai da Kwara saboda mansa har ya kusa ƙarewa.

Maman_Ilham:

Kai masha Allah na ƙaru sosai, Allah ya saka da alheri, na tura wa ƙanin nawa ya karanta ya ce shi dai Bazazzagi ne nasa. Abba Allah ya dube mu ya fito da su lafiya. To Dan_Kimiyya waɗanda suka rage a kwamin yanzu me zai hana kawai a kwashe su a zuba a teku kowa ya huta?

Dan_Kimiyya:

Hajiya an gwada, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Wani orka mai suna Keiko an kamo shi a 1979 wajen Iceland, ya yi shekaru a wani ƙaramin kwami a birnin Mexico, ya fito a wani fim a 1993 ya yi suna, yara suka yi ta rubuta wasiƙu a sake shi. Aka kai shi Oregon a 1996 ya murmure, a 1998 aka ɗauke shi a jirgin saman soja zuwa Iceland aka yi shekaru ana koya masa kama kifi mai rai, don shi mataccen kifi daga hannun mutum ya sani. An kashe sama da dala miliyan 20. A 2002 ya bi wasu orka, daga baya ya yi iyo shi kaɗai har Norway, sama da kilomita 1,000, amma da ya isa me ya yi, wurin mutane ya nufa, yara suna shiga ruwa suna hawa bayansa. Bai taɓa shiga wani dangi ya zauna ba, ba a kuma gano uwarsa ba, a Disambar 2003 ciwon huhu ya kashe shi. Lolita ma a Maris ɗin 2023 aka sanar za a mai da ita ruwan da aka haife ta, 'yan ƙabilar Lummi, 'yan asalin yankin, da suke ɗaukarta a matsayin 'yar uwa sun daɗe suna wannan fafutukar, wata biyar bayan sanarwar ta mutu.

Inda aka dace shi ne wanda bai daɗe ba kuma an san danginsa, kamar dolfin ɗin nan Jedol a Koriya ta Kudu, an kama shi a 2009 aka sake shi a 2013 a tsibirin Jeju ya koma cikin 'yan uwansa. Rasha ma da aka fallasa wurin da aka tara orka wajen 10 da beluga (wata farar dabbar teku) kusan 90 kusa da Nakhodka, ta sake su a 2019 tun ba su shekara da yawa ba. Amma yawancin waɗanda ke kwami yanzu a ciki aka haife su, Tilikum kaɗai 'ya'ya 21 aka samu daga gare shi, ba su da wani teku da za su tuna. Shi ya sa yanzu ake killace wani lungun teku da raga a ajiye su ana kula da su, kamar beluga biyu da aka ɗauko daga Shanghai zuwa Iceland a 2019, sannan a hana sabon kamu da kiwo. SeaWorld ta daina haifar da orka a 2016, Kanada ta yi doka a 2019, Faransa ta yi tata a 2021 har gidan kallon Antibes ya rufe a farkon 2025.

Bazazzagi77:

Dan_Damagaram na karɓi taka ta auna masu tsarewa, wannan kam ba musu, amma kalmar bauta har yanzu ban ba kifi ba. Kuma ku dubi wannan lissafin, Keiko shi kaɗai an kashe masa dala miliyan 20 don ya koma gida. Ingila da ta soke bauta a 1833 ita ma fam miliyan 20 ta ware, amma wa aka ba? Masu bayin aka biya diyyar asarar dukiya, su bayin ko sisi, aka ma ce su ƙara yin wasu shekaru suna aiki kyauta da sunan koyon sana'a har 1838. Haiti da suka ƙwaci kansu da ƙarfi, a 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ɗora musu bashin faran miliyan 150 wai kuɗin 'yancinsu. A Zungeru turawa sun buɗe gidan yaran da aka ƙwato daga hannun fatake don ba a san inda za a mai da su ba, wa ya bi sawun iyayensu? Abba in kana nan ka faɗa mana, waɗanda ake sakowa daga daji a wajenku akwai mai duba lafiyarsu da kwantar musu da hankali, ko daga an yi barka da arziki shikenan?